Kujerar Tsugunno Ta Cancanci Wuri a Ɗakin Amarya

Ranar jere a Kaya, ko Bakura, ko Talata Mafara, motar kaya kan tsaya a ƙofar gidan ango tun da hantsi. Samari su yi ta sauke gado da katifa da madubi, sannan a fito da saitin kujerun kushin da aka naɗe da leda don kada ƙura ta taɓa su. Gwaggonni da innoni da yayyen amarya su cika ɗaki, a yi ta ja-in-ja kan inda kowane abu zai zauna. Wannan ta ce a tura gado kusurwa, waccan ta ce labulen bai hau da kafet ba. Sai an gama da manyan kaya ne wata za ta tuna da 'yar kujerar da aka cusa cikin turmi. Ita ba a shawara a kanta. A miƙa wa wata yarinya, a ce ta kai madafa.

Alhali duk wanda ya san yadda gidan Bahaushe ke tafiya ya san cewa daga ranar da amarya ta fara girki, babu abin da za ta fi zama a kai kamar wannan 'yar kujera. A kanta za ta hura wuta da asuba, ta yi wanke-wanke, ta tsince shinkafa, ta tuƙa tuwon dare. In Allah ya kawo rabo, a kanta ungozoma za ta zauna ta miƙe ƙafafu ta yi wa jariri wanka. Su kuwa manyan kujerun da uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona kafin ya saye su, sukan yi watanni da ledarsu ana jiran baƙon da ya isa zama a kai. In baƙuwar ta zo ma, sau da yawa sai ta ce a shimfiɗa mata tabarma, ta fi sakewa.

Wannan rabon daraja babu adalci a cikinsa, kuma asara ce ta kuɗi da ta sana'a. Kujerar tsugunno ta fi duk wani abin zama dacewa da gidan Bahaushe. Ya kamata a dawo da ita cikin ɗaki da falo, a saye ta da farashin da ya dace da aikin da ke jikinta, a kuma daina barin tsofaffinta suna ruɓewa bayan rumbu ko suna salwanta a hannun dillalai.

Hujja ta farko tana cikin tsayinta. Kujerar cin abinci ko ta ofis irin ta Turawa, mazauninta kan kai kimanin santimita 45 daga ƙasa, domin an auna ta ne da tebur mai tsayin santimita 75 ko kusa da haka. Su rayuwarsu a kan tebur take. Gidan Bahaushe kuwa kusa da ƙasa yake gudanar da harkarsa: murhu duwatsu uku ne a ƙasa, kwanon tuwo a kan tabarma ake ajiye shi, turmi da dutsen niƙa da bahon wanki duk a ƙasa suke. Shi ya sa masassaƙa suka tsayar da kujerar a taƙi ɗaya ko da 'yan yatsu a kai. Da wannan ɗan tsayin, ƙugun mai zama yakan ɗaga sama da diddigenta, gwiwoyi su buɗe su ba tukunya wuri, hannu biyu su samu ƙarfin juya muciya ba tare da baya ya ranƙwafa ya gaji ba. Makitsiya ma da wannan ma'aunin take aiki: ita a kan kujera, wadda ake yi wa kitso a kan tabarma, kai ya zo daidai cinya. Ko masu gina masallatan zamani, da suka zo tsara wurin alwala, gajerun mazaunai suka zuba da siminti, saboda a haka ne mutum ke kai hannu ga ƙafarsa cikin sauƙi. Babu wanda ya zana wannan awo a takarda. Jikin mata ne ya gwada shi shekara da shekaru, wanda bai yi ba aka watsar, wanda ya yi ya tabbata.

To me ya sa abu mai amfani haka ya rasa martaba? Dalilin yana ga masu zama a kanta. A ƙasar Hausa sarki a karaga yake zama, malami a buzu, dattawa a tabarma ko dakalin ƙofar gida. Kujera ta mata ce, ta aikin cikin gida, kuma har gobe akwai gidajen da ake ganin bai dace magidanci ya tsuguna a kanta ba. Darajar kujerar ta bi darajar da ake ba aikin da ake yi a kanta, aikin da kowa ke ci daga gare shi amma ba kasafai ake yaba shi ba.

A wasu ƙasashen maƙwabta labarin daban ne, kuma fataken goro da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja da Kumasi sun gan shi da idonsu. Wajen mutanen Asante na Gana, kujera marar majingina ita ce alamar sarauta baki ɗaya. Kujerar Zinariya, wadda tarihinsu ya danganta da zamanin Sarki Osei Tutu da bokansa Okomfo Anokye, ko sarki ba ya zama a kanta. A 1900, da gwamnan mulkin mallaka na Ingila, Frederick Hodgson, ya je Kumasi ya nemi a kawo masa ita ya zauna, yaƙi ne ya ɓarke, wanda Yaa Asantewaa ta jagoranta. Nan kusa kuma, a Bida, masassaƙan Nufawa sun shahara da kujeru masu ƙafa takwas ko goma, waɗanda ake fitarwa daga gungume ɗaya, a cika samansu da zane. Yau suna cikin gidajen tarihi da shagunan kayan ado na Turai da Amurka. Ta Bahaushe ba ta kai su ƙawa ba, gaskiya ne, amma hannun da ya yi ta da dabarar da aka bi duk iri ɗaya ne.

Dabarar kuwa ta isa a tsaya a dube ta. Masassaƙi ba ya haɗa guntaye. Gungume ɗaya yake samu, ya fara rage shi da gatari, sannan ya bi da gizago yana ɗebe abin da ba a so, har ƙafafu su ɓullo daga jikin mazaunin. Babu ƙusa, babu gam, don haka babu mahaɗar da za ta yi sako-sako. Kujerar kafinta a bakin ƙusa take fara mutuwa: ruwa ya shiga, ƙusa ta yi tsatsa, ƙafa ta fara girgiɗi. Ta sassaƙa kuwa sai dai ta tsage ko gara ta ci, kuma gwani ya san maganin duka biyun. Yana sassaƙa icen ne yana da sauran ɗanyantaka don gizago ya shige shi, ya shanya a inuwa don kada rana ta fasa shi, ya shafe da mai. Ya san ƙirya tana da tauri da nauyi, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita. Ya san ɗanya ta fi laushi da sauƙin ɗauka, maɗaci kuma yana da kyan launi da juriya. Yakan ɗan lotsa tsakiyar mazaunin don zama ya yi daɗi, wani ya bar mata mariƙi a gefe, wani ya ɗora ƙarfe a wuta ya yi mata zane. Mutumin da ke wannan aikin shi ne dai mai yin akushi da muciya da ƙotar fartanya da allon almajiri, wato rabin kayan gida da na gona daga hannunsa suke fitowa.

'Yan kasuwar tsofaffin kaya a duniya sukan raba kayan ɗaki gida uku. Abin da ya kai shekara 100 shi ne na tarihi. Wanda ya haura shekara 20 amma bai kai ɗari ba, na tsakiyar zamani ne. Sauran kuma na yau. Wanda ya shiga babban gida a Maradun ko Mafara ya duba da kyau zai iya samun dukkan ukun a tsakar gida ɗaya, kuma kowanne yana ɗauke da labarin lokacinsa.

Na tsakiyar zamanin sun fi yawan labari a wannan yanki. Shekarun 1970 ne suka juya ɗakin Bahaushiya. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗa aljihun ma'aikata a 1975, rediyo da keke da kujerun kushin suka zama abin da ake auna mutum da shi. A daidai lokacin ne kamfanin Impresit na Italiya ke gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, daga 1974 zuwa 1978. Aikin ya kawo albashi da baƙi da gidajen ma'aikata irin na bariki, ya kuma tashi garuruwa, ya jawo rikicin diyya da ya ƙare da zubar da jinin manoma a watan Afrilun 1980. Wani abu da ba a cika ambata ba shi ne itatuwa. Da aka zo baje ƙasa don noman rani, an tumɓuke itatuwan gona masu ɗimbin yawa, kuma a cikin irinsu ne masassaƙi ke samun abin aikinsa. Ke nan a shekaru kaɗan, mai saye ya ga sabon abin sha'awa, mai sassaƙa kuma ice ya yi masa nisa.

Kujerun da suka shigo a wannan zamani su ma yanzu sun tsufa, kuma wasunsu sun cancanci a adana. Akwai 'yar kujerar katako ta kafinta mai fenti shuɗi ko kore. Akwai ta ƙarfe da mai walda ke lanƙwasawa a saƙa mata zaren roba launi-launi. Akwai ƙananan nan masu rufin fomeka da ke zuwa tare da teburin tsakiyar falo, da kuma mai soso da ake ajiyewa gaban madubin amarya. Jere kansa haka ya yi ta sauya riga, daga ƙorai zuwa tasoshi, daga tasoshi zuwa langa da fanteka da samira, daga nan zuwa tangaran a cikin kabet mai gilashi. Duk wanda ya ga ɗakin amaryar gargajiya da aka shirya a Gidan Makama na Kano, ya kuma leƙa ɗakin amaryar bana, zai ga nisan tafiyar da aka yi. Ta ƙarfen nan mai saƙar roba, musamman, abin a yaba ce: ba ta da nauyi, iska na ratsa ta lokacin bazara, in zaren ya tsinke a sake saƙawa. Mai walda na gari ne ya yi ta, kuma mai walda na gari zai gyara ta.

Sai roba ta zo ta share fage. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suna fitar da kujerun roba manya da ƙanana, ana lodinsu zuwa kowace kasuwar mako. Kada a raina su. Suna da araha, yaro ma zai ɗauka, ana wanke su, ba ruwansu da gara, kuma a banɗaki ko wurin taron biki babu kamarsu. Amma ranar Zamfara ba ta raga wa roba. Ta shekara biyu ko uku a tsakar gida, launi ya koɗe, jiki ya bushe, wata rana ƙafa ta karye da mutum a kai. Kusa da murhu kuma narkewa take yi. Mace kan sayi ta roba sau da yawa a tsawon zaman aurenta, alhali ta sassaƙar da uwarta ta ba ta tana nan. In aka yi lissafin da kyau, mai arahar ce ta fi tsada.

Na baya-bayan nan su ne dogayen kujeru marasa majingina da ake jerawa gaban kantar kicin, waɗanda ake gani a hotunan Instagram da bidiyon TikTok da sababbin gidajen Abuja da Gusau. A gidan da ake girki a tsaye da gas, ake kuma shan shayi a kan kanta, suna da wurinsu. Amma a gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, matar gidan za ta sauke tukunyar ƙasa ne ta nemi 'yar gajeruwar kujerarta. Da yawa daga cikin kayan ɗakin da ake yayi yanzu ma ba katakon gaske ba ne, garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ruwan damina ɗaya ya shiga ɗaki, sai su kumbura su fara zubewa.

Abin da ya kamata ya sa mai karatu tunani shi ne yadda manyan masu tsara kayan ɗaki na duniya suka ɗauki irin wannan kujera. A shekarun 1920, a birnin Faris, Pierre Legrain ya ƙera wa attajirin mai ɗinki Jacques Doucet kujeru da ya kwaikwayo kai tsaye daga na Asante da wasu sassan Afirka. A 1933, Alvar Aalto na ƙasar Finlan ya fito da wata kujera mai ƙafa uku da zagayayyen mazauni, wadda kamfanin Artek ke ƙerawa har yau da icen dazuzzukan ƙasarsu, an kuma sayar da miliyoyinta. A 1953, Charlotte Perriand ta Faransa ta tsara wata gajeruwa mai ƙafa uku, ta ɗauko siffarta daga kujerar da makiyayan tsaunukan ƙasarta ke zama a kai su yi tatsa. Ba ta ɓoye asalinta ba, sunan makiyayi ma ta sa mata. Waɗannan mutane sun duba kujera marar majingina, suka ga cewa an riga an warware matsalar zama da mafi ƙarancin kaya, suka gyara ta kaɗan suka kai ta falon masu hali. A Legas ma, matashin mai zane Nifemi Marcus-Bello ya yi suna a ƙasashen waje da wata kujerar ƙarfe marar majingina da ya ƙera tare da masana'antar da ke yin akwatin janareta.

Kujerun matan Senufo na arewacin Kodebuwa, waɗanda ake zama a kansu a yi girki da wanki kamar dai na Hausawa, yau suna cikin abin da masu ƙawata gidaje a Turai da Amurka ke nema ruwa a jallo. Su wa ke kai musu? Binciken da Christopher Steiner ya wallafa a 1994 kan cinikin kayan sassaƙa a Abijan ya nuna cewa Hausawa na cikin manyan 'yan kasuwar da ke riƙe da harkar, suna bin ƙauyuka suna saye, suna sayar wa Turawa. Wato Bahaushe ya daɗe da sanin kuɗin da ke cikin tsohuwar kujera. Ta gidansu ce kawai bai waiwaya ya duba ba, kuma abin yana da ciwo.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma maganarsu tana da nauyi. Na farko su ne masu kishin daji. Zamfara na cikin jihohi 11 da hamada ke barazana gare su, waɗanda shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, don haka duk kiran da zai ƙara saran ice dole a yi masa tambaya. An ga abin da ya sami madobiya: kasuwar ƙasar Sin ta buɗe mata baki, aka yi ta kwasarta daga dazuzzukan Taraba da Kogi da sauransu, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Sai dai masassaƙin kujera ba shi ne ke cinye daji ba. Gawayi da itacen girki da faɗaɗa gonaki su ne manyan masu ci. Ƙiryar da aka ƙone aka yi gawayi, cikin 'yan makonni ta zama toka. Gungume ɗaya daga jikinta da aka sassaƙa zai yi wa uwa aiki ya yi wa 'yarta. Duk da haka, bai kamata a ci gaba da dogaro da itatuwan da ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin su girma ba. Ga dogon yaro nan, ɗan asalin Indiya da aka kawo zamanin Turawa, ya cika kowane gari da bakin hanya, yana saurin girma, yana sake tofowa in an sare reshe, ƙwari kuma ba su cika son icensa ba. Mangwaron da ya daina 'ya'ya ma yana sassaƙuwa. Masassaƙin da ke son sana'arsa ta kai ga jikokinsa, can ya kamata ya mayar da gizagonsa.

Magana ta biyu ta fi zafi, ita ce ta tsaro. Sana'ar sassaƙa da ƙafa biyu take tsaye, daji da kasuwar mako, kuma 'yan bindiga sun taɓa duka biyun. Dazuzzuka irin su Sububu sun zama wurin da talaka ba ya shiga da gatari ya dawo lafiya. Mutanen yankin ba su manta da 26 ga Fabrairun 2021 ba, ranar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, ko 1 ga Satumban 2021 da aka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya. A wancan lokacin gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. Mai turmi da kujera ba shi da shago, ranar kasuwa ce shagonsa. Wani zai ce a irin wannan hali wa ke ta kujera? Amsar ita ce, mutanen da aka raba da gonakinsu suka dawo cikin Mafara da Gusau suna bukatar abin yi, kuma sana'ar da jarinta gatari ne da gizago da icen bakin hanya tana cikin 'yan kaɗan da mutum zai iya tasowa da su ya ci gaba a inda ya sauka. Abin da ya rage masa shi ne mai saye.

Ta uku ita ce ainihin abin da ke hana iyaye mata barci: 'yan ganin ɗaki. Uwa ta san cewa dangin miji za su shigo su ƙirga, kuma gorin da aka yi wa yarinya a makon farko yakan bi ta shekaru. Ba wanda ke cewa a kai amarya da kujerar tsugunno kaɗai. Amma a dubi girman ɗakunan da akasarin amare ke shiga. Saiti mai cin mutum bakwai in ya shiga ƙaramin falo, ko wurin shimfiɗa sallaya da ƙyar ake samu, yara kuma ba su da filin rarrafe. Doguwar kushin ɗaya mai kyau, da kilishi ko darduma, da tum-tum biyu na jar fatar Sakkwato daga hannun dukawa, da kujerun sassaƙa uku masu bambancin tsayi, za su zaunar da mutanen da saitin zai zaunar, da kuɗin da bai kai nasa ba, ɗakin kuma ya sha iska. Ɗaya ta ɗauki tiren shayi, ɗaya ta zauna gefen gado ta riƙe fitila da waya, ɗaya a ɗora mata kaskon turaren wuta. In baƙi sun yi yawa a jawo su, in za a yi shara a ɗauke da hannu ɗaya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa, wadda tashi daga ƙasa ke yi wa wuya, sai a sa masassaƙi ya yi mata mai tsayin kamu ɗaya.

Ido ma ya fara juyowa. Masu shirya wuraren biki a Kano da Kaduna da Abuja yanzu suna ƙawata wurin kamu da tabarmi da faifai da ƙorai da tum-tum, amare na ɗaukar hoto a tsakiyarsu suna alfahari. Abin da ya yi kyau a hoton yini ɗaya babu dalilin da zai hana shi yin kyau a falon da za a zauna shekara talatin.

Hukumomi na da rawar da za su taka ba tare da kashe wani sabon kuɗi ba. Gwamnatoci a Arewa sun saba aurar da zawarawa da marayu su yi musu kayan ɗaki. A watan Oktoban 2023 Jihar Kano ta ɗaura auren mutum 1,800 da amarensu a lokaci ɗaya. Da duk hukumar da ke irin wannan hidima za ta sa kujerun sassaƙa biyu da turmi cikin kayan kowace amarya, ta kuma saye su kai tsaye daga masassaƙan yankin, da an ga yara sun koma zama gaban iyayensu suna koyon riƙon gizago. Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau tana nan cikin Talata Mafara. Babu abin da zai hana malamanta da ɗalibanta zama da masassaƙa su gwada hanyoyin busar da dogon yaro don kada ya tsage, su gwada man shafawa da ba ya kama tufafi, su fitar da awo biyu ko uku da mai saye daga nesa zai iya yin oda da su ta waya.

Game da tsofaffin da ke cikin gidaje, shawarar ita ce kada a sayar. Zamfara ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara. A shekarun 1990 aka yi ta haƙe gumakan yumɓu na dā a Kwatarkwashi ana fitar da su, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa irinsu na yankin Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma doka ba ta shiga ɗakin tsohuwa ta hana jikanta musanya kujerarta da bokitin roba. Iyali ne kaɗai za su iya. A wanke ta da ɗan ruwa kaɗan, a bari ta bushe a inuwa, a shafa mata man kaɗe, kada a yi mata fenti, kada a goge sheƙin da zama ya bar mata. Mai son sayen tsohuwa a kasuwa kuma ya lura, domin dillalai sun iya tsufar da sabon ice da hayaƙi da laka da ruwan goro. Ta gaske, ƙafafunta sun cinye ba daidai ba saboda jan ƙasa, mazauninta ya yi santsi a inda jiki ke taɓawa kawai, ƙarƙashinta kuma sawun gizago yana nan.

Saura abu ɗaya da ke hannun masassaƙan kansu. Kujerar Aalto ana sanin wanda ya tsara ta da shekarar da ta fito, har kamfanin Artek ya shiga sayen tsofaffinta daga makarantu da kasuwannin gwanjo tun 2006 yana sake sayarwa. Ta Kaya ko ta Bakura kuwa, da ta bar kasuwa shi ke nan, ba a san hannun da ya yi ta ba, in ta kai Legas ma sai a kira ta da sunan wata ƙabila. Ƙarfen da ake ɗorawa a wuta a yi zane da shi zai iya rubuta sunan masassaƙi da garinsa da shekara a ƙarƙashin mazauni, da boko ko da ajami. Wanda ya ji daɗin zama a kanta zai san wurin da zai aika a yi masa wata.